Mota Mai Ɗaki a Bakin Jarwal

Asabar, 11 ga Muharram 1376, bayan asuba

Yau kwana goma sha tara rabona da sitiyari. Wannan daftarin na sharika ne, kamfanin motocin da na yi wa aiki, a cikinsa nake rubuta tafiye-tafiyena, Makka zuwa Jidda, Jidda zuwa Madina. Ranar da na je mayar da mabuɗi ba wanda ya tambayi daftarin, ni ma ban miƙa ba. Akwai sauran ganye da yawa, hannu kuma ya saba.

Shekara ashirin da shida ina jan motar alhazai. Kafin nan raƙuma nake bi a bayan mahaifina. Sun ce in huta. Cikin ladabi suka faɗa, har da gahawa. Shekaruna sittin da ɗaya, ba ƙarya suka yi ba.

Mai ɗakina Rakiya tana tsakar gida tana suyar gyaɗar da take sayarwa a ƙofa. Ɗazu ta ce, "Malam Lurwanu, ka matsa daga hanya, ban saba ganinka a gida war haka ba." Na matsa.

Litinin, 13 ga Muharram, bayan la'asar

Na je Jidda karɓar mukafa'a, kuɗin sallamar aiki. Riyal dubu huɗu. Magatakardan ya nuna min inda zan sa hannu, na sa a ƙasa da wurin, ya ce ba komai. Ofishin nasu ba haske.

Da na fito na biya ta Bab Makka in sha shayi, nan na gan ta a filin wani dillali. Babbar mota ce mai tayoyi shida, amma a bayanta maimakon bodin kaya ɗaki ne sosai, da ƙofa da matakala uku. Wasu Turawa masu awon hanya ne suka yi shekara biyu suna kwana a ciki a hamada, aikinsu ya ƙare, suka bar ta a sayar. Na shiga. Gadaje biyu da ake naɗewa jikin bango. Tankin ruwa da famfo. Kabad mai sakata don kada kwanoni su zube. Risho a ɗaure kan ƙarfe. Tagogi huɗu masu raga. Har da madubi.

Dillalin ya tayar min da ita. Na rufe ido na saurara. Injin nan bai sha wahala ba, an ba shi mai a kan kari. Ya ce dubu goma sha ɗaya. Na yi dariya na fito. Sai da na kai tasha sannan na dawo na sake shiga.

Talata, 14 ga Muharram, hantsi

Ban faɗa wa kowa ba.

Laraba, 15 ga Muharram, bayan azahar

Na faɗa wa Rakiya. Tana ɓarar gyaɗa ba ta ɗago ba, ta ce, "Gida a kan mota? A kai shi ina?"

Na ce Ɗa'if.

Kowace shekara in zafi ya tsananta, ni nake kwasar iyalan masu hali in hau da su Ɗa'if, in dawo mata da inabi a kwando, rabi ya matse. Kowace shekara ina ce mata baɗi tare za mu. Tana da shekara tara aka ƙetaro da ita daga Sudan a jirgin ruwa, kuma tun da ta shigo Makka, in ka cire Mina da Arfa da Muzdalifa, ba ta taɓa kwana a wajen garin nan ba.

Can ta ce, "Ana cewa mutum har bargo yake nema a can."

Na ce gaskiya ne.

Ta ce, "Nawa?" Na faɗa. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Juma'a, 17 ga Muharram, bayan magariba

Mukhtaru ɗanmu ya ji. Shi ma sawwaƙ ne, wato direba, motar duwatsu yake ja a aikin faɗaɗa Harami. Da matarsa da 'ya'ya biyu a ɗaki ɗaya suke, a saman namu. Ya fara min magana da Hausa, da ransa ya ɓaci ya koma Larabci, kamar kullum, yana ce min abuya, wato baba.

"Ya abuya, da me za ka biya?"

Na ce da mukafa'a, da filin tudu.

Filin nan gadon mahaifina ne, a bayan unguwa. Shekara uku Mukhtaru yana tara duwatsu a gefensa, ɗaya-ɗaya, don ya yi ɗaki biyu. Ban taɓa ce masa na ba shi ba. Ban kuma taɓa hana shi tara duwatsun ba.

Ya ce, "Masu kuɗin unguwar Shamiyya ma haya suke yi in za su Ɗa'if. Ka ɗauki Umma a motar haya, riyal talatin, ku yi mako guda ku dawo. Me ya sa sai wannan? Me ya sa sai bana?"

Na ce masa ba na son wani ya ja ni.

Tambayarsa ta biyu ban amsa ba.

Lahadi, 19 ga Muharram, bayan asuba

Hasken yau ba kyau.

Litinin, 20 ga Muharram, bayan la'asar

Na kai Sabo ya gan ta. Abokina ne tun muna bin raƙuma, yanzu yana da warsha a bakin unguwar Jarwal inda yake gyaran motoci. Ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito da ƙura a gemu.

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Kai ne nake shakka."

Na ce me ya gani a kaina.

Ya ce, "Tsoho ya bar aiki, ya ɗauki duk abin da ya mallaka ya zuba a kan taya. Mai za ta sha, taya za ta ci, in ta tsaya rana ta cinye robarta. Amma dai in lokacin Hajji ya zo, akwai attajiran Misra da za su biya da kyau su kwana a cikinta a Muzdalifa maimakon kan tsakuwa. Shekara shida ko bakwai, wataƙila ta mayar da kuɗinta."

Na ce shekara bakwai tana da nisa.

Ya dube ni, sannan ya juya ya shiga ciniki da dillalin. Sabo bai da kunya a ciniki. Ya sauko da ita dubu tara.

Laraba, 22 ga Muharram, hantsi

An sayi filin, dubu huɗu. Mai sayen ya tambayi duwatsun, na ce ba sa ciki, na ɗana ne.

Saura dubu ɗaya. Na yi niyyar in nemi dillalin ya yi min haƙuri. Da safen nan na ɗaga matashina na tarar da ƙulli a ƙyalle. Awarwaro biyu na zinariya, na mahaifiyar Rakiya, waɗanda aka ɗinke a bakin zane aka ƙetaro da su teku. Na kai mata na ce ba zan karɓa ba.

Ta ce, "Ba kyauta ba ce. Saye na yi. Gadon da ke kusa da taga nawa ne."

Alhamis, 23 ga Muharram, bayan azahar

Mukhtaru ya kwashe duwatsunsa da kansa bayan ya tashi daga aiki, ya jibge su a bayan warshar Sabo. Ya gaishe ni da safe yadda ya saba. Bai ƙara ko kalma ba.

Asabar, 25 ga Muharram, bayan la'asar

Ta iso. Sabo ne ya jawo ta daga Jidda, na ce masa bayana yana ciwo. Ya karɓi mabuɗi.

Lungunmu bai ɗauke ta ba. Ko hancinta bai shiga ba. Mun ajiye ta a filin da ke gefen shagon gahawa, kusa da warsha. Unguwa ta fito. Mata suna shiga uku-uku suna buɗe famfo suna rufewa. Wani dattijo ya ce in na mutu ba sai an nemi makara ba, a wuce da ni maƙabartar Ma'ala a haka. An yi dariya, ni ma na yi.

Rakiya ta bari sai da kowa ya watse sannan ta zo da tsintsiya. Ta share, ta goge madubin, ta shimfiɗa darduma a tsakanin gadajen. Ta zauna a nata ta ce katifar Turawa ta cika laushi.

Lahadi, 26 ga Muharram, hantsi

Na zauna a bayan sitiyari sa'a guda. Ban tayar ba. Gilashin gaba yana son wanki.

Litinin, 27 ga Muharram, hantsi

Na wanke gilashin sau biyu. Yana nan yadda yake.

Laraba, 29 ga Muharram, bayan magariba

Mun fita gwaji, ni da Rakiya, zuwa Muzdalifa. Na zaɓi hantsi saboda hanya ba kowa. Hannuna bai manta komai ba. Motar tana da nauyi a baya, tana son a lallaɓa ta a kwana, amma tana jin magana.

Muzdalifa ba alhazai wani wuri ne dabam. Fili fetal, duwatsu, gwangwanayen da aka bari, iska. Na tsaya daga nesa da inda abin ya faru a watan jiya. Rakiya ta kunna risho ta dafa shayi, muka sha a cikin inuwar ɗakinmu, ƙofa a buɗe. Ta ce sau goma sha ɗaya tana kwana a filin nan, ba ta taɓa sanin yana da tsuntsaye ba.

A hanyar dawowa, mun wuce Mina kaɗan, ta ce, "Akwai jaki a damanka, Malam." Ba ta ɗaga murya ba. Na kauce. Sai da muka gota shi na ji kukansa dab da taya.

Can gaba ta ce, "Rami a dama." Can kuma, "Mutum biyu da tulu, a dama." Haka har Jarwal, kamar mai lissafa kayan miya. Da na kashe mota ta sauka ta ɗauki butar shayi ta yi gaba. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban tambaye ta tun yaushe ta lura ba.

Juma'a, 1 ga Safar, bayan Juma'a

Na sa ranar tafiya: Talata mai zuwa, da asuba. Na san hanyar Ɗa'if kamar tsakar gidana. Da Rakiya a dama, za a iya.

Za a iya.

Lahadi, 3 ga Safar, bayan isha

Mukhtaru ya haɗu da magatakardan sharika a kasuwa. Mutumin ya tambaye shi jikina, da nufin alheri.

Ya shigo bai zauna ba. Ya ce, "Abuya, me ya faru a Muzdalifa?"

Na ce ai ya sani, wata mota ce ta tsaya ba fitila.

"Sun ce da fitila."

Uwarsa tana bakin ƙofa. Ya ɗauki faifai ya tsaya a damana, ya ce in faɗi abin da ke hannunsa ba tare da na juya kai ba. Na ce ni ba yaro ba ne da za a yi min wannan. Ya ce, "Ka faɗa kawai, Allah ya bar ka."

Ban faɗa ba.

Mabuɗin motar yana rataye a ƙusa. Ya cire ya sa a aljihu. Ya ce da Hausa, a hankali, don kada in ce ya ɓuya a bayan Larabci, "Hanyar Ɗa'if, a wajen Sail, akwai kwazazzabo a dama. Uwata ce za ta zauna a wannan gefen." Ya haye sama.

Litinin, 4 ga Safar, hantsi

Ƙusa ba komai a jikinta.

Talata, 5 ga Safar, bayan asuba

Yau ce ranar da na sa. Na yi salla na koma na kwanta.

Laraba, 6 ga Safar, bayan la'asar

Bari in rubuta shi sau ɗaya.

Daren saukowa daga Arfa, da alhazai arba'in a bayana. Motar da ke gabana daga dama ta tsaya. Da fitilarta. Ban gan ta ba sai da na ji ta. Wani dattijo daga tsibirin Jawa ya karye a hannu, ya riƙa ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Ba wanda ya rasu, alhamdu lillahi. Bayan Hajji likitan sharika ya rufe min idon hagu da tafinsa ya ce in karanta allon da ke bango. Na tambaye shi wane allo.

Shekara biyu ke nan da farawa. Ina juya kai fiye da da, shi ke nan, ba wanda ya lura. Bana na hagun ma ya fara yin hayaƙi-hayaƙi a gefe.

Da na ga motar nan a Jidda, abin da na lissafa ba kuɗi ba ne.

Amma yaron ya yi gaskiya a kan kwazazzabon. Na san shi. Na taɓa ganin mota a ƙasansa.

Asabar, 9 ga Safar, bayan magariba

Mukhtaru ya ɗauki hutun yini ya kai ni wurin likitan ido a Jidda. A motar haya muka je, ina kujerar baya kamar kaya. Sawwaƙin yana taka birki a inda bai kamata ba, na kame bakina.

Likitan ya ɗiga magani, ya haska, ya daɗe. Ya yi wa Mukhtaru bayani da yawa, ni kaɗan. Idon dama ba ya cikin magana. Na hagu ya ba shi lokaci, ya faɗi adadi. Ba zan rubuta adadin ba. Allah ne ya san nasa.

Da muka fito Mukhtaru ya riƙe min hannu a matakala. Na so in fizge, ban fizge ba. Ya saya min ruwan lemo. Muka sha a tsaye.

Lahadi, 10 ga Safar, hantsi

Rakiya tana zuwa motar kullum da safe ta share. Ƙofar ɗakin ba ta buƙatar mabuɗin injin.

Litinin, 11 ga Safar, bayan isha

Mukhtaru ya yi magana da dillalin. Zai karɓe ta a dubu shida da rabi. Ya zo ya zauna a gabanmu ya faɗa cikin natsuwa, ba faɗa. Ya ce filin ya tafi, ya haƙura, ba don shi yake magana ba. Ya ce nan gaba zan buƙaci magani da mai kula da ni, kuɗin zai yi amfani. Duk abin da ya faɗa daidai ne. Na ce to.

Rakiya ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

Muka dube ta.

"Ina da kaso a motar nan. Awarwaron uwata ne a ciki. Ban sayar ba."

Mukhtaru ya ce, "Umma, ba zai iya ja ba."

Ta ce, "Na riga ka sani. Tun bara yake zuba shayi a gefen finjali. Ka ɗauka don in sha iska na ba da zinariyata? Shekara ashirin da shida mutumin nan yana dawowa yana ba ni labarin wani lambu, da wani dutse, da wani wuri da ruwa ke gudu a ƙarƙashin ayaba. Ina so ya nuna min da yatsansa tun yana iya nunawa. Bayan nan ku sayar da ita ko ku yi kejin kaji."

Ta juya gare shi sosai. "Kai ba sawwaƙ ba ne? Duwatsun Harami sun fi ubanka?"

Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka ba. Mukhtaru ya sunkuyar da kai. Ya tashi ya fita.

Talata, 12 ga Safar, bayan azahar

Shiru.

Laraba, 13 ga Safar, bayan la'asar

Sabo ya aiko a kira ni. Na tarar da ƙafafun Mukhtaru a ƙarƙashin motar, yana ɗaure wani abu. Sabo ya ce tun azahar yake nan, ya canza mai, ya duba birki, ya cika tanki. Mukhtaru ya fito yana goge hannu, bai dube ni ba, ya ce an ba shi hutun kwana huɗu daga Asabar.

Sabo ya raka ni gida. A hanya ya ce, "Ranar da muka dawo daga Jidda na san ba bayanka ne ke ciwo ba." Na ce me ya hana shi magana. Ya ce, "Ka riga ka biya."

Asabar, 16 ga Safar, bayan azahar, a Zaima

Mun fito bayan asuba. Mukhtaru a sitiyari, ni a gefensa, Rakiya a ɗakinta ta buɗe 'yar tagar da ke tsakaninmu tana ba mu dabino.

Yaron ya iya tuƙi, amma tuƙin gari. Bayan Shara'i, inda kwari yake da yashi mai laushi, na ji injin ya fara nishi. Na ce ya sauko giya ta biyu kada ya tsaya. Ya ce hanya a buɗe take. Kafin ya rufe baki mun nutse har gindin taya.

Na sauka na zagaya ina shafa tayoyin, na rage wa kowace iska, na sa ya haƙa gaban na baya, muka shimfiɗa tabarmar Rakiya. Na ce ya tayar a hankali ya saurare ni. Na tsaya a gefe ina jin muryar injin ina ce masa ƙara, sassauta, ƙara. Ta fito. Tabarmar ba ta rayu ba.

Da muka ci gaba ya ce, "Abuya, gaba fa?" Na ce bayan dutse mai tsagi akwai kwana zuwa hagu, ya riƙe tsakiya. Daga nan kafin kowace kwana sai ya tambaya. Wasu na gani, wasu na tuna.

Yanzu muna ƙarƙashin ayabar Zaima. Na kama hannun Rakiya na kai ta inda ruwan ke gudu. Yana nan inda na bar shi. Ta cire takalmi ta tsoma ƙafa, ta ce, "Ashe ba ƙari ka yi ba."

Lahadi, 17 ga Safar, bayan asuba, a Ɗa'if

Mun wuce Sail jiya da la'asar. A wurin kwazazzabon Mukhtaru ya rage gudu sosai.

Mun sauka a Masna, wajen lambuna, a gonar da Abdulƙadir yake tsaro. Bahaushe ne, iyayensa mutanen Zinder, na san shi tun ina kawo iyalin mai gonar. Ya ce mu ajiye motar a gindin ɓaure, kusa da rijiya.

Da asuba Rakiya ta tashe ni ta ce ina bargon.

Litinin, 18 ga Safar, hantsi

Na nuna mata dutsen. Na nuna mata inabin a jikin itacensa, bai matse ba. Abdulƙadir ya fasa rumman ya miƙo min, na kawo shi kusa da idon hagu na daɗe ina kallo kafin in ci. Ja ne sosai.

Mukhtaru ya kwana a kujerar gaba. Da safe na ji shi yana hira da uwarsa da Hausa, yana tuntuɓe tana gyara masa, suna dariya.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Rakiya ta gama shawararta ita da Abdulƙadir kafin ta sanar da mu. Ba za ta koma gobe ba. Mai gonar ba ya zuwa sai baɗi, Abdulƙadir yana son maƙwabta, kuma a kasuwar Ɗa'if ba mai suyar gyaɗa irin tata. Za mu zauna har sanyi ya kore mu.

Ta ce wa Mukhtaru, "Ɗakinmu na ƙasa ya fi naku girma. Ka sauko da yaran. In mun dawo, mu biyu ne, na sama ya ishe mu."

Ya ce matakalar fa, yana kallona.

Na ce matakala goma sha huɗu ce, ta tara tana da tsagi. Ba ido nake hawanta da shi ba.

Ya ce ba don ɗaki ya kawo mu ba. Ta ce ta sani.

Talata, 19 ga Safar, bayan azahar

Ya tafi a motar haya. Na raka shi bakin hanya. Na ce masa maganar filin, ban kyauta ba da ban zaunar da shi na faɗa masa gaskiya tun farko ba. Ya ce, "Khalas, abuya," wato ya wuce. Na ce ba khalas ba ne, ya bari in faɗa. Ya tsaya na faɗa har ƙarshe. Sannan ya sumbaci kaina, ya ce in tayar da injin duk bayan kwana uku don batir, amma giya ta zauna inda ya bar ta. Ya sa min mabuɗin a hannu.

Na dawo ni kaɗai, ina bin katangar lambu da hannun dama.

Juma'a, 22 ga Safar, hantsi

Sabo ya aiko da saƙo ta bakin wani sawwaƙ: wai dillalin ya sauko dubu shida, kuma wai shi Sabo yana tambaya, tsakani da Allah, ko motar ta ci kuɗinta.

Fili ya tafi, zinariya ta tafi, mota tana gindin ɓaure ba mai ja. Wanda ya ce wauta ce ba zan yi musu da shi ba. Na tambayi Rakiya me zan ce. Tana shanya bargo a kan matakala, ta ce a gaya wa Sabo famfon yana ɗiga, ya aiko da roba.

Haka na aika.

Lahadi, 24 ga Safar, bayan la'asar

Rubutuna ya yi girma, kalma huɗu ta cika layi. Ganye uku suka rage. Zan bar su.

Rakiya tana kira. Wai gajimare ya sauko kan dutsen, in zo yanzu kafin ya wuce.